Muryar Inna a Tsohuwar Kwamfuta

Yayata ba ta ga Inna ba a shekarunta na ƙarshe. Bayan rasuwar mahaifinmu ni na ɗauko ta daga Funtuwa na kawo ta Jidda, maigidana ya yi ta faɗi-tashi har aka samar mata iƙama, wato takardar izinin zama, ta zauna tare da mu a unguwar Madain Fahd har Allah Ya karɓi abinsa. Yaya tana can gida da aurenta da 'ya'yanta. Wayar lokacin a gaggauce ake yin ta, a gaisa, a tambayi lafiyar yara, layi ya yanke. Rasuwar ma a waya ta ji.

Sai bayan shekaru Allah Ya nufe ta da zuwa Umra. Ta gama ibadarta a Makka da Madina, ta sauka wurinmu kafin jirginsu ya tashi. Ko mayafinta ba ta cire ba ta ce in kai ta kabarin Inna. Na gaya mata a nan mata ba sa shiga maƙabarta, kuma ko an shiga babu alama, ɗan dutse ne irin na kowa. Maigidan ya ɗauke mu a mota muka tsaya a bayan katangar, ta yi addu'arta ta cikin gilashi, muka juyo. Da muka dawo na zuba mata abinci, ta ture shi gefe.

Ganin haka na ce, "Yaya, ai muna da muryarta."

Ta ɗago a hankali. "Muryar wa?"

Na yi mata bayani. Akwai wata Juma'a, Inna na da sauran ƙarfinta, maigidan ya ajiye mata ɗan makirufon kwamfuta a gabanta ya ce ta yi magana. Ta yi doguwar magana kuwa. Ta karanta gajerun surorin da ta iya, ta sa wa 'ya'yanta da jikokinta albarka ɗaya bayan ɗaya, sauran duk saƙo ne zuwa ga Yaya. Mun so mu sa a faifai mu ba wa wani mai tafiya gida, sai Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Bayan rasuwar ni ban iya sauraro ba, maganar ta kwanta.

Yaya ta daɗe tana kallona. "Auta, kina nufin Inna ta bar mini magana, tana cikin gidan nan shekara da shekaru?"

Na ce tana nan. Na nuna mata kwamfutar.

Tana kusurwar ɗakin baƙi a kan ɗan tebur, irin mai akwati a tsaye da gilashi mai ƙeya kamar tsohon talabijin. Fara ce da, ta koma ruwan madarar da ta kwana. Tsarin cikinta ma tsoho ne, irin wanda in ta buɗe za ka ga koren tudu da sararin sama, kowa ya daina amfani da shi. Yara sun koma waya, maigidan ba ya zama, ni kaɗai na rage mata. Da safe in na gama shara nakan kunna ta in sa karatun Alƙur'ani ya cika gidan ina aiki. Na san ta yi nauyi. Nakan danna ta in je in wanke shinkafa, in yanka albasa, in dawo in tarar tana ƙoƙarin farkawa. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ciwo ba. Na ɗauka tsufa ne, yadda gwiwata take yi mini in zan hau bene. A watannin ƙarshe ma karatun da na saba sawa kaɗai take yarda ta buɗe, shi ma sai ta ga dama.

Ranar ko wannan ba ta yi ba. Muka kunna, muka zauna a gabanta har shayinmu ya huce. Koren tudun ya fito, na kai hannu ga linzamin, sai ta ɗauki zafi tana gurnani, ta mutu da kanta. Muka sake, ta sake mutuwa. Na ga hannun Yaya yana murza bakin zanenta.

Maigidan direban bas ne na masu ziyara, kuma da asubar washegari yana da tafiya Madina, ba zai dawo ba sai bayan Yaya ta tafi. Ya ce in kira babbar 'yarmu. Tana aure a unguwar Waziriyya, tana aikin karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti, kullum hannunta a kan kwamfuta yake. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi magana Larabci ke riga Hausar fita.

Ta iso da hantsi, ana gobe Yaya za ta tafi. Ta sumbaci kan Khalarta, wato Yaya, ta ninke abayarta, ta fito da waya. Ta ce ta samo shawarwarin da masana suka rubuta a kan yadda ake sa irin wannan tsohuwar ta yi sauri, za mu bi su daki-daki. Ta juya ga teburin, sai ta tsaya cak.

"Ya Ummi, esh hada? Mene ne wannan?"

Rigar akwatin take nufi. Ni na ɗinka ta da hannuna, koren karan-miski mai geza, ta rufe shi ruf daga sama har ƙasa, na bar ƙofar faifai kawai da wurin dannawa.

Na ce, "Alƙur'ani ne a ciki. In bar shi tsirara?"

"Ta ina yake numfashi?"

Ban san yana numfashi ba. Ta zare rigar, ta nuna mini ƙananan ramuka a baya da gefe, ta ce akwai fanka a ciki mai fitar da zafi. Ta nemi sukudireba ta kwance gefen akwatin. Da murfin ya buɗe sai da na ja da baya. Ƙura ce ta dunƙule kamar audugar katifa, baƙa, mai danƙo, ta naɗe fankar har ba a ganin fukafukanta. Ni da nake goge teburin nan kullum safiya. Na ji kunya ta rufe ni a gaban Yaya, kamar baƙo ya ɗaga mini gado ya ga ƙarƙashinsa.

'Yar tawa ta shafa da yatsa ta shinshina. "Wannan ba ƙura ba ce kaɗai. Ƙamshi take."

Na kau da kai. Yaya ta ce, "Faɗa mata mana."

Na ce duk Juma'a in na turara gida nakan ɗaga rigar in sa kaskon turaren wuta a gefensa ya ɗan jima.

"Bakhur? A cikin jihaz, a cikin na'ura?" Ta dafa kai. "Khala, kin ji? Shekara nawa tana yi masa hayaƙi kamar amarya."

Yaya ta yi dariya, karon farko tun zuwanta. "Ai shi ya sa ya ƙi tashi. Wa ya taɓa ganin amarya tana sauri?"

Muka fitar da akwatin baranda. Da tsohon buroshin haƙori da ɗan famfon hura balan-balan na jikokina aka yi aikin. Ƙurar ta tashi ta shiga mana hanci, Yaya tana tari tana riƙe fankar da tsinke kada ta juya, yadda aka umarce ta. Da aka mayar aka kunna, gurnanin ya ragu, kuma ba ta mutu ba.

"Kafin komai," in ji 'yar tawa, "ina muryar Sitti?" Haka suke kiran Inna.

Na nuna mata. A kan koren tudun, can ƙasa ta hannun dama, akwai ɗan hoto da babanta ya rubuta wa "Inna" a ƙarƙashi. Ta soka ɗan ƙaramin filash ɗinta ta ja hoton ta kai ciki. Kafin in ƙifta ido ya shiga. Ta ce khalas, shi ke nan, yanzu hankalinmu ya kwanta, ko kwamfutar ta ƙi gaba ɗaya mijinta zai dawo da laftof ɗinsa da yamma mu saurara a can. Yaya ta karɓi filash ɗin ta ƙulle a bakin mayafinta.

Daga nan ta shiga bin shawarwarin wayarta. Ta farko ita ce a duba abubuwan da suke tashi tare da kwamfutar in an kunna ta. Ta buɗe wani ɗan akwati mai layi-layi, ta yi ta gangarawa, ba ya ƙarewa. Ana cikin haka lokacin Azahar ya shiga. Ladani ya ɗauka daga cikin lasifikar. Bai kai rabi ba wani ya ɗauka a kansa, sannan wani, sannan wani can da wata murya siririya, ga na masallacin unguwa yana shigowa ta taga. Linzamin ya daskare.

Yaya ta dube ni. "Masallatai nawa kika gina a ciki?"

Ni na saba da su, har na san wanda ke riga wani. Matan ajinmu na hadda sukan kawo faifai su raba sadaka, kowane faifai na sa sai ya tambaye ni ko ina son manhajar kiran salla, ni kuma ban ga yadda za a yi a tambaye ni haka in ce a'a ba. 'Yar tawa ta ce kowanne daga cikinsu yana zaune a faɗake tun daga kunnawa har kashewa, yana cin ƙarfin kwamfutar. Ta ce in zaɓi ɗaya. Na zaɓi mai muryar da Inna take so. Sauran ba goge su ta yi ba, cire musu alama kawai ta yi don kada su tashi da kansu, shi ya sa ban yi gardama ba. Haka ta kwantar da agogon furanni da ke yawo a kusurwa, da ɗan carbi mai ƙirga tasbihi, da wata manhajar kariya da wa'adinta ya ƙare tun Inna na da rai amma kullum sai ta fito ta yi gargaɗi.

Bayan mun yi salla ta kashe kwalliyar. Inuwar da ke bin rubutu, da yadda taga ke buɗewa a hankali tana lanƙwasa, da shuɗin fentin gefe, duk ta cire. Komai ya koma toka-toka kamar bangon ma'aikata. Ta ce kowace kwalliya aiki ce ga tsohuwar na'ura. Koren tudun ma ta ce a cire, na roƙa aka bar shi.

Yaya ta matso. "To a sa mana yanzu."

Aka danna hoton Inna. Ɗan gilashin yashin nan da ke nuna a jira ya fito yana juyawa. Ya juya, ya juya. Sai wani saƙo ya fito daga ƙasa, kwamfutar ta sake sandarewa.

"Ta cika," in ji 'yar tawa bayan ta sake kunnawa. Ta nuna mana wani zane kamar faranti, shuɗi gaba ɗaya, sai wani siririn layi ruwan hoda kamar tsinken tsintsiya. Ta ce layin nan shi ne duk filin da ya rage, kuma kwamfuta tana bukatar fili ta juya, kamar mai tuƙa tuwo in tukunya ta cika maƙil. Ta share tarkacen wucin gadi da shawarar ta ce a share, layin bai ko motsa ba. Ta leƙa kwandon shara na kwamfutar ta tarar da shi fayau. Ta bi foldoji ɗaya-ɗaya tana duba nauyinsu har ta zo kan wadda ake kira "Tilawa". A nan ta saki linzamin ta jingina da kujera.

Duk abin da ya taɓa shigowa gidan nan mai sunan Allah yana cikin foldar nan. Saukar Alƙur'ani cikakkiya ta makaranta daban-daban, wata sau biyu, wata sau uku, don in an ba ni faifai ba na duba ko ina da irinsa. Tafsirin azumi na shekaru da 'yan gida ke kawo mana. Hotunan barka da Juma'a masu ayoyi da fure. Addu'o'in safe da yamma. Folda cikin folda cikin folda, ni kaina ban san ƙarshensu ba.

"Ummi, ba ki taɓa goge komai ba?"

"In goge in kai ina?"

Ta nuna kwandon da yatsa. Kwando ne sosai aka zana, irin na bayan ƙofar kicin.

Tun muna yara Inna ba ta bari takarda mai bismilla ta taɓa ƙasa. Ko a hanya ta gani sai ta duƙa ta ɗauka ta soke a jikin katanga. A nan Jidda kuwa akwai akwatin ƙarfe a ƙofar masallacinmu don irin waɗannan takardu, ni nake tara na gidanmu a leda, har kalandar bara da takardun makarantar yara, in ba maigidan ya kai. Yanzu a ce in kama sura da hannuna in ja ta in jefa a kwandon shara, ko da na zane ne?

Na ce, "Ba da hannuna ba, kuma ba a gabana ba."

"Ya Ummi, ba zubala ba ce, ba shara ce ta gaskiya ba. Hoto ne kawai."

"Wanda ya zana ai ya san abin da ya zana."

"Faifan duk suna nan?"

Suna nan, a durowa, naɗe cikin farin ƙyalle. Ta ce to ba abin da zai ɓata, duk wanda nake so za ta sake sa mini, guda ɗaya-ɗaya. Na ce ba maganar ɓata nake ba.

Yaya ce ta raba mu. Ta gyara zama ta ce, "Auta, da muna makarantar allo, in kin haddace abin da aka rubuta miki, me ake yi da allon?"

Na ce a wanke.

"Zunubi ne?"

"A'a. Amma ai ba a kwata ake zubar da ruwan ba."

"To ke 'yar nan," ta juya ga ɗiyar tawa, "babu yadda za a wanke abin nan ba tare da ya bi ta kwandon ba? Uwarki ba gogewar take ƙi ba, hanyar take ƙi."

'Yar ta yi ɗan tunani. Ta ce akwai. In aka danne wani maɓalli da yatsa ɗaya sannan aka danna na gogewa, abin ba ya shiga kwando, tafiya yake kai tsaye. "Bas, amma ki sani, Ummi, na kwando ana iya dawo da shi. Wannan ba ya dawowa."

Na ce haka ya fi mini. Na je na sake alwala, na dawo na tsaya a bayanta. Ta zaɓi foldar gaba ɗaya, don ta ce in za mu tsaya tantancewa jirgin Khala zai tashi ya dawo ba mu gama ba. Kwamfutar ta tambaya ko mun tabbata. Na yi bismilla, ta danna. Muka ga takardu suna tashi suna narkewa a iska, ba su sauka a ko'ina ba, ni kuwa ina ta istigfari a zuci har aka gama. Farantin ya koma ruwan hoda kusan duka.

Saura shawara ɗaya, in ji ta, ta ƙarshe a jerin, kuma masu rubutun sun ce ita ce mai sa gudu. A sa kwamfutar ta tattara abin da ya warwatse a cikinta ta jera shi wuri guda, ta cike guraben da aka bari. Yaya ta ce a fara sa mata muryar. 'Yar ta ce, "Khala, daƙiƙa, mu gama gaba ɗaya ki ji ta ba yankewa." Wasu layuka ja da shuɗi suka cika gilashin, jajayen suna raguwa sannu a hankali. Muka bar ta tana yi muka ci abinci. Yaya ta ci sosai ranar, har ta nemi ƙarin miya.

Bayan La'asar aka kashe aka kunna. Ban gama gyara zama ba koren tudun ya fito. Na ce a sake in gani. Aka sake, haka ta yi. Wallahi ko tana sabuwa ban tuna ta da wannan saurin ba. Yaya ta jawo kujera har gwiwarta na taɓa tebur, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta kamar mai shirin gaida babba.

Aka danna hoton Inna.

Wata 'yar tocila ta fito tana lilo hagu da dama, kamar mai neman abu a ɗaki mai duhu. Sannan rubutu ya fito. 'Yar tawa ta karanta, ta sake karantawa, ta kai fuskarta dab da gilashin. Na ga wuyanta ya yi gumi alhali mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na aiki.

"Khala, ba ni filash ɗin."

Yaya ta kwance bakin mayafinta. Aka soka, aka danna, tocilar nan ta sake fitowa.

"Mene ne?" na tambaya.

Ba ta amsa da Hausa ba, Hausar ta gudu daga bakinta. Sai da na riƙe kafaɗarta sannan ta nuna mini wata 'yar kibiya a gindin hoton, ƙarama kamar ƙwayar gero. Ta ce wannan ba muryar ba ce. Alama ce kawai mai nuna hanya zuwa inda muryar take. Abin da ta sa a filash ɗin ma alamar ce, shi ya sa ya shiga nan take. Ita muryar tana wani wuri a cikin kwamfutar.

"To a je wurin," in ji Yaya.

Ta buɗe bayanin alamar ta bi rubutun da yatsa. Kalmar "Tilawa" na gani a tsakiya. Ban bukaci a fassara mini ba.

Na zauna a ƙasa. Yaya ta ja innalillahi sau ɗaya a hankali, ba ta ƙara ba. 'Yar tawa ta kira babanta tana kuka, ta sa a lasifika. Yana wani wurin hutawa a hanyar Madina, ana jin ƙarar motoci a bayansa. Ya saurara har ta gama.

"Ni na sa ta a can," ya ce. "Yara suna taɓa ko'ina, suna goge abin da suka ga dama. Na duba duk cikin kwamfutar, nan ne kaɗai wurin da na san uwarku ba za ta bari a taɓa ba har abada."

Ya yi ta kiran "Kuna ji na?" har layin ya yanke.

Kwamfutar tana nan a gabanmu, shiru, ba gurnani, tana jiran a ba ta aiki. Yaya ta tashi ta shiga ɗakin da ta sauka ta fara ninke kayanta. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Je ki rarrashi yarinyar nan, kada ta yi wa kanta lahani. Ba rabona ba ne." Muryarta ba ta ko rawa, wannan ya fi tsorata ni.

Surukina da ya zo ɗaukar matarsa ya ji abin da ya faru. Ya ce kada kowa ya sake taɓa na'urar. Ya ce abin da aka goge ba ya fita nan da nan, yana kwance har sai an ɗora wani abu a kansa, akwai manhajar da ke tono shi. Sai matarsa ta gaya masa mun sa ta tattara kanta bayan gogewar. Ya shafa gemunsa. Ya ce wannan aikin shi ne ɗora wani abu a kan wani, amma a gwada. Ya je ya dawo da manhajar a filash, ya sa ta, ya ce a bar ta ta yi ta nema.

Da safe muka tarar da dogon jeri. Sunaye duk sun goge, sai lambobi, kowanne da ɗigo a gefensa, kore ko ja, jajayen sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ba yadda za a gane na Inna sai an buɗe an ji. 'Yar tawa ta ƙi zuwa aiki. Ta zauna tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana buɗuwa nan take. Wani makaranci ya fara ya yanke. Wani malami yana tsakiyar tafsiri. Wani sai shuuu kamar ruwan famfo. Ni ina ɗaure wa Yaya kaya, dabino da sallaya da turaren tsaraba, kunnena yana ɗakin baƙi. Yaya ta yi wanka ta sa kayan tafiya ta zauna a bakin gado da carbinta, ta ce a daina wahala.

Mai motar da zai kai ta filin jirgi ya riga ya kira ya ce yana hanya, sai na ji tari daga lasifikar. Tarin da na sani. Igiyar da ke hannuna ta faɗi.

Ban kira Yaya ba, na tarar da ita ta riga ni isa.

Daga tsakiya abin ya kama. Inna tana dariya, irin dariyarta mai ƙarewa da tari. Sannan ta ce, "To yanzu ita tana ji na?" Muryar maigidan daga nesa ta ce, "Za ta ji, Inna, in an aika mata." Inna ta ce, "Af. To ki ji, ki daina wankin nan da ruwan sanyi da sassafe, ƙirjinki ba shi da ƙwari tun kina yarinya. Ki sa yaran su ɗora miki ruwa. Kuma maganar da nake so in gaya miki..." Sai muryar wani makaranci ta hau kai, ƙarfi ɗaya, a tsakiyar aya. Muka jira har ƙarshe. Inna ba ta dawo ba.

'Yar tawa ta buɗe na gaba da shi, da na bayansa, da duk na kusa. Babu.

Yaya tana tsaye, hannunta ɗaya a kan akwatin kwamfutar. "Sake," ta ce.

Aka sake. Ta ce a sake. Mai mota ya yi hon a ƙasa, surukina ya leƙa ta baranda ya ce masa ya yi haƙuri. 'Yar tawa ta cire katin wayar Khalarta ta sa mata guntun a ciki, ta kunna daga wayar don ta tabbatar wannan karon muryar ce da kanta. Yaya ta kara wayar a kunne ta saurara har inda makarancin ya shigo, ta kashe.

Na ce, "Yaya, sauran maganar..."

Ta girgiza kai. Ta share fuskarta da bakin mayafi, ta ɗauki jakar hannunta. A kan matakala, ina biye da ita da ledar dabino, ta tsaya ta juyo.

"Kin san har yau da ruwan sanyi nake wankin," ta ce.